Matar da Ke Cikin Gilashin Issufu

Jama'a, wannan abu da ni ya faru, ba a bakin wani na ji shi ba, kuma wallahi ban ƙara masa gishiri ba. A Jibiya ne, bakin iyaka, a shekarun da wayoyi masu ɗaukar hoto suka fara yawa amma tsofaffin kyamarori masu fim ba su gama mutuwa ba. Ina da ɗan shago a gefen hanyar da ta miƙe zuwa Maradi, ina gyaran agogo da tabarau da kyamara.

Gilashin kyamara kowace ƙasa da irin cutar da take sa masa. A Kumasi, inda na fara koyon aikin, laima ce ke haifar da hunhuna a ciki, ka ga ta yi saƙa kamar yanar gizo. A Khartum zafi ne ke narkar da danƙon da ya manne gilasai biyu, sai ka ga launuka a gefe kamar an ɗiga mai cikin ruwa. Mu a Jibiya yawanci ƙarzuwa ce, don mutanenmu da bakin riga suke goge komai. Duk waɗannan na san su, na san maganinsu. Wanda Issufu ya kawo mini ne ban sani ba, har yau.

Issufu mutumin wajen Maradi ne, mai hoto a tashar manyan motoci, ya gaji kyamarar da gindin bishiyar da yake zama daga mahaifinsa. Direbobi na son a ɗauke su jingine da kamiyonsu, wato babbar motarsu, su aika gida, da wannan yake ci da iyalinsa. Wata rana da hantsi ya shigo ko gaisuwar kirki babu, ya zube hotuna a gabana.

"Baba, duba mini. Mi ka gani?"

Na duba. Direba ne tsaye yana murmushi, mota a bayansa, amma can gefe ga siffar mace da ƙwarya a ka, sai dai a kife take, kai ƙasa ƙafafu sama. Hoto na biyu haka, na uku haka, mutane daban, motoci daban, mace ɗaya.

Ya ce wani direba da ya ɗauka hoto, birki ya tsinke masa a hanya, Allah ya kiyaye bai mutu ba, amma magana ta bazu cewa kyamarar Issufu na liƙa wa mutum aljana. Sarkin tasha ya kira shi ya ce ko ya gyara kafin ranar kasuwa, ko ya kwashe kayansa a ba wani wurin.

Na yi dariya, Allah ya gafarta mini. Na ce, "Issufu, aljanarka gilashi ce. Haske ne ke bugun gilashin baya ya koma na gaba ya dawo, sai abin da ke gefe ya fito a kife. Na ga irinsa a Abijan ba sau ɗaya ba. Wata mai fura ce ke wucewa."

"Mai fura ɗaya kullum, Baba? Ko aure muka yi da ita?"

Na ce ya dai bar mini.

To, yadda nake gwada gilashi, kamar yadda aka koya mini, shi ne in rufe shago ya yi duhu, akwai ɗan rami da na fafe a jikin ƙofa, in sa gilashin a ciki yana kallon hanya, in rataye farin ƙyalle a bayansa. Duk abin da ke waje sai ya sauko kan ƙyallen, amma a kife, haka Allah ya yi gilashi. Bayan azahar na yi haka. Ga hanya a sama, ga motoci sun rataye kamar jemagu, ga 'yan dako suna tafiya kai ƙasa, ga rumfar duwan, wato 'yan kwastan, can nesa a kife. Sai ga mace, can wajen shingen iyaka, ƙwarya a ka, ita kaɗai a tsaye daidai kamar ni da ku.

Kai! Na buɗe ƙofa na leƙa. Rana tsaka, mutane na harkarsu, babu mace mai ƙwarya ko ɗaya, balle a ce inuwarta ce ta juyo. Na rufe na sake dubawa, tana nan.

Ban tsorata ba a lokacin, ruɗewa na yi, irin ruɗewar mai sana'a da abin hannunsa ya ƙi shi. Na kwance gilashin gaba ɗaya. Na tarar da 'yar hunhuna a gefe, na wanke. Baƙin fentin cikin bututun ya ɗan kankare, na ce yauwa, ga ɓarawon, na sake shafa masa. Na ɗaga gilasan ɗaya bayan ɗaya a rana, tas suke. Washegari na haɗa na sa a rami. Hoton ya fito garau fiye da da, har lambar mota ana karantawa. Matar ma ta fito garau, kuma ba a wajen shinge take ba, ta iso daidai teburin mai shayi.

Na kira maƙwabcina Alhaji Sani mai sayar da taya, don in tabbatar ba idona ne ya tsufa ba. Ya shigo yana tsokanata wai tsoho ya buɗe silima. Ya dubi ƙyallen, ya ce, "Wannan mi ya sa ita ba ta kife ba?" Na ce abin da na kira ka ka faɗa mini ke nan. Ya ce, "A'uzubillahi, ni taya nike saidawa," ya fita ko takalminsa bai sa daidai ba.

Na sake kwancewa. Na ce ko wani ya taɓa buɗe shi ya juya gilashin tsakiya baibai, don wannan kuskure ne da ake yawan yi. Na juya shi da gangan na gwada. Komai ya dagule, hanya da motoci suka zama kamar kunu, ita kuwa ko gezau, har zanen jikin ƙwaryar ina gani. Ta wuce mai shayi, tana bakin kwalbatin da ke gaban shagona. Fuskar ce kawai ban iya gani ba, ba don a rufe take ba, in na kafa mata ido sai in ga idona ya zame gefe. Ban san yadda zan kwatanta muku wannan ba, da Hausa ko da wani yaren da na iya.

Ana gobe kasuwa Issufu ya zo, idanunsa sun faɗa. Na gaya masa gaskiya, na ce wannan ya fi ƙarfina. Ya ce, "To Baba, ina za ni da yara?" Sai na ciro wani gilashi da na taho da shi tun daga Tirabulus, bakinsa ya yi daidai da kyamararsa, na ɗaura masa. Ya ɗauki sarkin tasha da kansa a gaban jama'a, aka kai fim Katsina aka wanko, sarkin tasha ya fito shi kaɗai da tumbinsa. Aka yi ta dariya, aka bar Issufu a gindin bishiyarsa, ya ci gaba da aikinsa har tsufa. Tsohon gilashin kuwa ya ce ko kyauta ba ya so, in riƙe.

Da na bar shi haka da ya fi. Amma zuciyar mai gyara ba ta haƙura. Bayan an kwana biyu, wata rana da la'asar, na rufe shago na sa shi a rami, na ce sau ɗaya kawai. Ga hanya a kife, ga mai shayi, ga kwalbati. Babu mace. Na duba kusurwa kusurwa, babu. Na ce alhamdu lillahi, har na fara tunanin ko fentin ne bai bushe ba a wancan karon.

Sai wani tunani ya faɗo mini, wanda duk mai wannan sana'a ya sani tun ranar farko: gilashi abin da ke gabansa kawai yake nunawa. Abin da ya riga ya wuce shi ya shigo ta baya, ba ya fitowa a ƙyalle. Ni kuwa a bayansa nake, cikin duhu, ƙofa a rufe.

Ban waiwaya ba, wallahi. Na lalubi sakata na fita haka nan, na zauna wurin Alhaji Sani har aka kira magariba, ya tambaye ni lafiya na ce zafi ne. Ban ji motsi ba, ban ga komai ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma shagon nan ban sake rufe kaina a cikinsa ba har na tashi daga garin.

Shawarata gare ku, musamman yaran yanzu masu sayen tsofaffin kyamarori don sha'awa: in gilashi ya nuna muku abin da babu shi a waje, ku wanke shi sau ɗaya. In bai tafi ba, ku rufe masa baki ku ajiye, kada ku yi ta dubawa kuna son sanin inda ya kai. Allah ya tsare mu da abin da muke gani da wanda ba mu gani.