Kwana Goman da Zinnira Ta Yi a Gida

Zinnira mutuniyar Dugabau ce. A can aka haife ta, a can ta yi aure, a can kuma mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku. Bayan ta fita takaba ne ta sami aikin girki a wata makarantar kwana ta 'yan mata mai zaman kanta, a kan hanyar Kabo zuwa Gwarzo. Shekara goma sha shida ta yi a bakin murhun makarantar. Gajeriya ce mai ƙarfin damtse, ita kaɗai take tuƙa babbar tukunyar da mata biyu ke kama wa muciya. Ɗalibai Inna suke ce mata, kuma ko ba a faɗa musu ba sukan gane ranar da ita ta yi miyar kuka.

A daminar 2023 cutar mashaƙo ta shigo garinsu. Jikarta Aisha Humaira, 'yar shekara shida da ke kwana a ɗakinta, ta tashi da zazzaɓi, wuya ya kumbura, ko koko ba ya wucewa. Malam Uwaisu, ma'aikacin lafiyar da ke asibitin garin, yana leƙa maƙogwaron yarinyar ya ce a wuce da ita Kano tare da uwarta. Ya ba Zinnira ƙwayoyi, ya ce ta zauna a gida kwana goma, kada ta kuskura ta kusanci abincin 'ya'yan mutane. Da baki ya faɗa, ga layi har waje. Ita kuma bai zo mata a rai ta nemi takarda ba.

Ranar ta buga wa Hajiya Badi'a, shugabar kicin, waya. Hajiya ta yi mata jaje, ta ce ta yi zamanta, Allah ya sawwaƙe.

Kwanakin nan sun yi mata tsawo. Maƙwabta daga bakin zaure suke gaishe ta, mai kawo mata ruwa ya koma ajiye jarka a waje. Hankalinta yana Kano, wayarta tana hannu. Ba ta yi ko tari ba har kwanakin suka cika.

Rana ta sha ɗaya ta yi sammako ta tafi aiki, sai ta tarar da wata baƙuwar mace tana talge a tukunyarta. Ba ta gama gaisawa da mutane ba aka ce ana nemanta a ofis. Malam Hambali, mai kula da harkokin ma'aikata, ya miƙo mata takarda da Turanci, da ya ga tana juya ta sai ya karɓa ya fassara mata. Tuhumarta ake yi da barin aiki ba izini. Ƙa'idar makarantar, in ji shi, duk wanda ya wuce kwana biyu bai zo ba sai ya aiko da takardar likita, wanda ya cika mako kuwa ana ɗauka ya ajiye aiki ne.

Ta ce ai ta sanar da Hajiya. Aka kira Hajiya Badi'a. Ba ta musa ba, sai dai ta ce ta zaci takarda za ta biyo baya, shi ya sa ba ta kai maganar ofis ba. Tana magana tana duban ƙasa.

"Inna, ke kika yi ciwon?" in ji Malam Hambali.

"Ba ni ba ce, jikata ce."

"To ai hutun rashin lafiya na marar lafiya ne."

Zinnira ta ce, "Malam, da na zo na tuƙa wa yaran nan tuwo da cutar a jikina, yau me za ku ce da ni?"

Ya ba ta mako guda ta kawo shaida.

A asibitin garinsu ta tarar an tura Malam Uwaisu aikin rigakafi ƙauyukan Gwarzo. Wanda ya canje shi ya ce ba zai sa hannu a kan abin da bai gani ba. Ta je Gwarzo aka ce yana Jama'a, ta je Jama'a aka ce jiya suka tashi. Sai a rana ta biyar ta same shi a Getso, a gindin wata bishiya, yana yi wa yara allura. Ya saurare ta, ransa ya ɓaci. Ya rubuta mata takardar a kan cinyarsa, ya ce ta koma asibitin a buga hatimi, ta yi kwafi ta ajiye a gida, kuma duk hukuncin da za su yanke mata ta ce su ba ta a rubuce.

Aka janye tuhumar. Amma mai makarantar ya ce labari ya kai kunnen iyaye, don haka a ɗauke ta daga kicin na ɗan lokaci, ta koma sharar ɗakunan kwana. Ta nemi a rubuta mata tsawon lokacin, Malam Hambali ya ce ana dubawa. Aisha Humaira ta dawo gida da ranta, muryarta a dashe. Zinnira ta gode wa Allah, ta ɗauki tsintsiya. Duk farkon zango sai ta je ofis ta tuna musu, amsar kuma ba ta canza ba.

Bara wata Asiya, mai wanke-wanke a kicin, ta ja ta bayan tankin ruwa ta raɗa mata cewa ƙyanda ta kama 'ya'yanta biyu, ita ma jikinta ba daidai yake ba, an ce ta zauna a gida. Zinnira ta ce ta zauna ɗin, amma ta fara karɓo takarda mai hatimi. Asiya ta ce ai ta ga abin da takarda ta tsinana wa ita Zinnirar.

Washegari Zinnira ta hango Asiya a bakin famfo tana wanke kwanukan ɗalibai, idanunta jajir. Zinnira ta share baranda guda har sau biyu tana saƙawa tana kwancewa. Ta san abin da zai biyo baya, ta kuma san 'yan aji ɗaya nawa ne ke cin abinci a kwanukan nan. Kafin azahar ta jingine tsintsiya ta je ta gaya wa Hajiya Badi'a, ta tsaya a kanta har sai da ta kai maganar ofis aka rubuta.

An sallami Asiya gida mako biyu, ta dawo ta sami aikinta. Har yau ba ta gaishe da Zinnira.