Matar da Ta Tsaya a Gaban Jifan Nola

Duk wanda ke bin hanyar bayan makaranta da la'asar ya san tsohuwar a-kori-kurar nan shuɗiya da ke tsayawa a gindin shingen filin sofbol na 'yan mata, wasan da ake jefa ƙwallo a buge shi da sanda. Ta Verna Stidham ce. Da safe ita ke tuƙa bas ɗin makaranta, ta zagaya gonakin yammacin garinmu Chickasha tana kwaso yara. In ta sauke na ƙarshe da yamma, ba gida take nufa ba. Sai ta biya gidan mai ta sayi shayinta mai ƙanƙara, ta zo fili, ta kife bokiti ta zauna a kai, ta zura safar fata a hannun hagu, ta ce, "To, wa ke gaba?"

Aikin ke nan: tarar ƙwallo. Ba koci ba ce, ba a sa sunanta a jikin kofi, ba ta shiga hoto. Amma yarinyar da ke koyon jifa sai da wanda zai zauna a gabanta yana cafewa yana mayar mata, yau da gobe, har hannu ya faɗa. Yawanci uba ne ke wannan zama. Waɗanda iyayensu maza ke can rijiyoyin mai, ko iyaye mata ke wurin aiki, ko waɗanda aka gaji da su, su ne na Mis Verna. Tun muna kai 'ya'yanmu a goye take nan, yau ga wasunsu sun zama iyaye.

A ƙarshen kakar wasan nan za ta sauka. Likita ya ce gwiwoyinta biyu sai an yi musu aiki, babban yatsanta na hagu kuma ya daina lanƙwasuwa. Tun da labarin ya fito hankalin iyaye bai kwanta ba. Ni dai abin da zan iya shi ne in ba da labari ɗaya cikin masu yawa, kamar yadda Charlene Birdsong ta gani da idonta.

'Yar Charlene, Nola, tana da shekara goma sha biyu a lokacin, kuma Allah ya ba ta hannu. In ta juya shi ta saki ƙwallo daga gefen ƙugu, sai ka ji ƙararsa a safa kamar an fasa katako. Wata rana cikin bazara, a ƙaramar gasar gari, ƙwallon ya kufce mata ya sami wata yarinya mai suna Paige Ledbetter a kunci. Ƙashi ya tsage. Aka ɗauki Paige a motar asibiti, Nola na tsaye a tsakiyar fili ba wanda ya tuna da ita.

Paige ta warke. Nola ce ba ta warke ba. In babu kowa a gabanta, jifanta yana nan yadda yake. Da zarar wata ta tsaya da sanda tana jira, sai ƙwallo ya nutse a ƙasa ko ya haye sama. Duk da haka ta nace sai ta shiga gwajin ƙungiyar Washita, wadda ke yawon gasa jiha-jiha, wadda duk yarinyar da ke son wasan nan da gaske take mafarkin sa rigarta. Paige kuwa ta riga ta zama 'yar ƙungiyar.

Ranar gwajin, cikin zafin watan Agusta, Charlene ba ta iya karyawa ba. A mota Nola ta ce, "Mama, in kin ga na fara shirme, don Allah kada ki kira sunana."

"Ni? Yaushe na taɓa yin haka?"

"Kullum."

Aka liƙa wa Nola lamba a baya. Charlene ta buɗe kujerarta a bayan shinge cikin sauran iyaye, kowa yana murmushin yaƙe. Gudu ya yi kyau. Bugu ba laifi. Da aka zo jifa ba mai bugu, har kocin ƙungiyar, Koci Mabry, ya ɗaga kai ya sake duban lambar da ke bayanta. Charlene ta fara numfashi.

Sai aka ce masu bugu su shigo. Jifan farko ya daki ƙasa. Na biyu ya wuce saman kan mai cafewa ya bugi raga. Mai bugun ta fita, ta gaba a layi ta shigo, sai ga Paige, da wayar ƙarfe a gaban hular kwanonta. Ba wanda ya shirya haka, layi ne ya kawo.

Nola ta tsaya da ƙwallo a hannu. Ta ɗaga, ta sauke. Ta sake ɗagawa, ta sake saukewa. Wani uba a bayan Charlene ya ce wa matarsa, ba ma a hankali ba, "Ai ita ce yarinyar nan." Charlene ta cije leɓe don kada sunan ya fito. Nola ta ajiye ƙwallon a ƙasa, ta fita daga fili, ta zagaya bayan rumfar sayar da abinci.

Kafin Charlene ta tattara kanta, Mis Verna ta riga ta tashi daga kejin gefe, wurin atisayen nan da aka kewaye da raga, inda take tarar wa masu ɗumama hannu, tana jan ƙafa. Charlene ta bi su, ta tsaya a kusurwar bango. Nola na durƙushe tana amai.

"Kin gama, ko da saura?" in ji Mis Verna, tana miƙa mata ruwa.

"Gida zan tafi."

"To, ba mai riƙe ki. Amma kafin ki tafi, zo ki jefe ni."

Nola ta ɗago. "Na'am?"

"Kunnenki ƙalau. Taso."

Ta kai ta kejin gefe, ta ɗauki sandar bugu, ta cusa kanta cikin hular kwanon wata yarinya, furfura na leƙowa ta ko'ina. Ba ta zauna a bokiti ba. Ta tsaya daidai inda mai bugu ke tsayawa.

"Mis Verna, zan same ki."

"Sai me?" Ta naɗe ƙafar wando. Ƙwaurin nan duk tabo ne da kumburi, tsoho da sabo. "Kin ga wannan? Na wata ne da ke aikin jinya a Tulsa yanzu. Wannan na matar fastonku ne, in kin gan ta ranar Lahadi ki gaishe ta. Har yanzu akwai fili a nan sama, ban ba kowa ba."

Nola ta yi wata 'yar dariya mai haɗe da kuka, ta jefa. Ƙasa. Ta sake. Raga. Mis Verna ba ta ce gyara ƙafa ba, ba ta ce gyara hannu ba, iyaka ta ce, "Wani." A hankali jifan ya fara ƙarfi. Sai ɗaya ya kufce da dukan ƙarfinsa ya same ta a cinya.

Charlene ta ce ƙarar ba za ta bar kunnenta ba. Sanda ta faɗi. Mis Verna ta kai gwiwa ƙasa, gwiwar nan da dama ba ta da lafiya. Nola ta ƙwalla ƙara ta rufe fuska. Charlene ta dafe kai. A ranta ta ce shi ke nan, an sake, wannan karon kuma tsohuwa ce.

Mis Verna ta kama raga, ta miƙe a hankali. Ta shafa cinyar.

"Ya yi zafi," ta ce. "Ba zan yi miki ƙarya ba, ya yi zafi sosai. Buɗe idonki, Nola. Kalle ni. Ina kwance?"

"A'a."

"A'a wa?"

"A'a, Mis Verna."

"To ɗauko wani."

Ba zan ce daga nan komai ya gyaru ba, don ba haka aka yi ba. Nola ta koma fili, Koci Mabry ya ba ta dama ta sake jefawa, wasu jifan suka yi daidai, wasu suka ɓace. Aka ce kowa ya je gida, za a kira. Kwanakin da suka biyo baya Charlene har banɗaki take shiga da waya. Nola ta daina cin abinci sosai, in waya ta yi ƙara sai ta gudu ɗaki ta rufe ƙofa. Da kiran ya zo, kocin bai yi kwana-kwana ba: ba a ɗauke ta ba. Hannun yana da kyau, amma ba zai tsayar da 'ya'yan mutane a gabansa ba tukuna. In ta yi aiki cikin hunturu, zai sake dubawa.

Charlene ba ta gama neman kalmar da za ta faɗa wa 'yarta ba, wayar ta sake ƙara.

"Ni ce Verna. Babban rumbun gonar ƙanena ba komai a ciki sai tarakta. Ki kawo ta."

"Mis Verna, ƙafarki fa?"

"Ina da guda biyu."

Haka suka cinye hunturun nan. Sanyi na ratsa katakon rumbu, yatsun Nola na sandarewa, Mis Verna na tsaye da sanda cikin rigar sanyin ƙanenta. Charlene kan zauna a kan damin ciyawa, duk jifa sai gabanta ya faɗi. Wata rana abin ya yi kyau, su koma gida suna waƙa a mota. Wata rana ya rushe gaba ɗaya, Nola ta ce ta bar wasan har abada, Mis Verna ta ce, "Na ji. Sai ranar Asabar."

Gab da ƙarshen sanyi, wata Asabar, suka iso suka tarar da wata mota a ƙofar rumbun. Paige ce zaune a ciki da mahaifiyarta. Paige tana hawa bas ɗin Mis Verna kullum, kuma Mis Verna ta yi magana da uwar tun da daɗewa, ta ce ba tilas, in yarinyar ta so ta zo. Sai ranar ta so. Iyayen biyu suka gaisa, kowacce ta rasa inda za ta sa idonta.

Paige ta sa hula, ta dubi Nola. "Mis Verna ta ce kina neman wadda ta iya bugu, don ita tun kaka ba ta taɓa samun ko ɗaya ba."

"Yarinya, ki kiyaye ni," in ji Mis Verna, tana gyara zama a bokiti a bayanta.

Sai a lokacin Charlene ta lura Paige ma ta tsaya nesa-nesa da wurin bugu. Daga baya uwar Paige ta faɗa mata cewa tun ranar da abin ya faru, duk ƙwallon da ya matso kusa sai Paige ta ja da baya, kuma ita ma matsayinta a ƙungiya yana lilo. Ashe su biyun tsoro ɗaya suke kwana da shi.

Nola ta juya hannu. Charlene ta rufe ido. Ta ji ƙarar safa, ba ta ji ihu ba. Na biyu ma haka. A na uku Paige ta kai masa sanda da ƙarfi, ƙwallo ya tashi ya tarwatsa fitilar tarakta. Kowa ya juya ya dubi fitilar. Mis Verna ta ce, "Ni dai ban ga komai ba," sai 'yan matan suka fashe da dariya har Paige ta zauna a ƙasa.

Da bazara aka ɗauki Nola. Ba ita ce ta farko a masu jifa ba, ba ita ce ta biyu ba. Wasanni da yawa a benci take kallonsu. Har yau akwai ranar da tsoron ke dawo mata. Amma rigar tana jikinta, kuma in an kira ta tana fita.

Mis Verna, ke ce wadda kika tsaya inda mu iyaye muka kasa tsayawa. Mu muna bayan shinge muna ihu, muna gyara wa yara abin da mu ba mu iya ba. Ke kina ciki, jikinki na karɓar kuskurensu. Ke ce ba ki taɓa ce wa yarinya ba komai ba alhali da komai. Uwar masu rawar hannu, mun ga abin da kika yi, ko da ba mu faɗa a kan lokaci ba. Mun gode. Allah ya sa a yi aikin nan a sa'a, ya tashe ki a kan ƙafafunki.

Sauran magana tamu ce. Gwaji na tafe. Za a sami yarinyar da za ta zo ba mai tarar mata, da wadda za ta gudu bayan rumfa, kuma a-kori-kurar ba za ta kasance a wurin ba. Kada mu tsaya kallon juna. Duk mai hannu biyu da yammaci ɗaya a mako, ya zo.

Charlene ce ta fara. Ta je gidan Mis Verna ta ce tana so ta gwada, amma ita tsoron ƙwallo take ji, kuma ba ta san komai a kan jifa ba.

"Ba sani ake nema ba," in ji Mis Verna. "Ki zauna, ki buɗe hannu, ki mayar mata. In ya same ki, ki faɗa mata gaskiya ya yi zafi, ki miƙe. Kukan kuma ki riƙe shi sai kin shiga mota kin ɗaga gilashi."

Charlene ta dube ta. "Ke ma haka kike yi?"

"Yo da kin zaci dutse ce ni?"