Bedin Injiniya Sammani

A Ƙofar Marusa, in ka ga rijiyar burtsatse da bishiyar bedi, wato darbejiya, a gefenta, ba sai ka tambaya ba, aikin Injiniya Sammani ne.

Tun yana sabon shiga aikin ruwa, ba abin da ke ɓata masa rai kamar taɓon gindin famfo. A sha wahala a haƙo ruwa mai tsabta, sannan a bar wanda ya zube ya kwanta ya zama gidan sauro? Shi kam bai yarda ba. Duk inda ya kafa tanki, sai ya sa magina su ja 'yar kwata daga dandamalin famfo zuwa wani rami, ya dasa bedi a ciki da hannunsa.

'Yan kwangila sun sha ce masa, "Ranka ya daɗe, wannan fa babu shi a zane."

"To, ga shi nan," yakan ce, ya zaro biro ya ƙara.

Yanzu ya yi ritaya, gwiwa ta ƙi. Da hantsi yakan zauna a inuwar bedinsa na farko, yana kallon 'yan garuwa suna jera jarkoki. Rannan wani baƙo a cikinsu ya tsaya yana share gumi, ya ce, "Baba, Allah dai ya saka wa tsuntsun da ya yar da ƙwallon bishiyar nan."

"Amin," in ji Sammani, ya matsa masa wuri.