Almakashin Malama Rakiya

Ina gaban allo da hantsi shugaban makarantarmu ya leƙo ya ce Malama Rakiya ta rasu a gidanta na unguwar Vêdoko. Na yi salati. Shekara uku ke nan da na yaɓa mata magana, har ta koma ga Allah ban nemi gafararta ba.

Ni da ita muke koyar da Ingilishi a makarantar Zongo, wadda muke ce wa lekol, ga yaran da suka taso da Faransanci. Ita ba ta yarda da dogon bayani ba. Sai ta rubuta jimla a siririyar takarda, kamar "The old trader sold his cows at the market", ta miƙa wa yaro almakashi ta ce, "Yanke wanda ake magana a kansa, ka ajiye gefe." Abin da ya rage a hannunsa, daga sold har ƙarshe, shi ne complete predicate. Sannan ta ba shi allura ya soke kalmar aikin kaɗai, wato simple predicate. Takan ce, "Ku bar yaro ya yanka da hannunsa, ba zai manta ba."

Ni kuwa da girman kaina, wata rana na tsaya a ƙofar ajinta na ce, "Malama, lekol ce nan ko shagon tela?" Yara suka kwashe da dariya. Daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ɗalibanta suka yi ta cin jarrabawa, nawa suna faɗuwa. Na koma leƙen ajinta ta taga ina satar dabara, amma kunya ta hana ni cewa na yi kuskure.

Ranar addu'ar uku na je gidan. Babbar 'yarta, Hadiza, ta kira ni gefe ta miƙo mini gwangwanin biskit. Almakashin ne a ciki, da allurai, da ɗaurin takardu.

"Mama ta ce a ba ku, Malam. Wai ku huta da leƙe ta taga, ta daɗe da ganinku. Maganar tela kuma ta yafe tun ranar, babanta ai tela ne."

Na zauna na yi kuka, amma ƙirjina ya yi sakayau. Ranar Litinin da gwangwanin na shiga aji, ta ƙofa.

Allah ya jiƙan Malama Rakiya, ya haskaka kabarinta, ya ba mijinta da 'ya'yanta haƙuri. Ya yafe mata, kamar yadda ta yafe mini ban roƙa ba.