Foldar Mai Suna

Akwai wata Laraba da har yau ta ƙi fita daga raina, kuma ita ce dalilin dokar da kuke gani manne a jikin bangon nan. Ku sababbi kuna cewa na cika tsanani a kan sunan folda. To ku ji inda abin ya samo asali.

A lokacin ina shekarata ta uku da zama manaja a wannan maɗaba'a tamu ta Kazaure. Babban aikinmu katunan tarawa ne, waɗanda ake sakawa cikin ledar alawa, masu saye su tara, su yi musaya. Kashi uku muke bugawa: ƙwallo, dambe da kokawa, duk na 'yan wasan yankinmu. Kowane kashi da foldarsa a kwamfuta. Idan dila ya nemi a gauraya masa kashi biyu ko uku, sai a buɗe folda guda a sa mata "Haɗi", a biyo da sunan dilan. Ni na kafa tsarin, kuma ina ji da shi.

Mai zanenmu Malam Siddi ne, Bafulatani daga wajen Gwiwa, mutum marar yawan magana. Kwano ɗaya muke cin abincin rana da shi. Ɗansa na fari, wanda kowa ke kira Dikko, har goro na kai ranar saukarsa.

Sai ga mai injinmu ya dawo daga kasuwar Babura da katuna biyar a aljihu. Namu ne, sabon zubin 'yan dambe da ba mu fitar ba tukuna. Wani mai tebur ke sayar da su. Babbar asara ce wannan, domin katin da ya fita kafin lokacinsa ya mutu, babu dilan da zai saye shi da daraja. Mutum uku ne kawai ke taɓa zanen: ni, mai inji, da Siddi. Mai inji shi ya kawo maganar. Ni kuwa na san kaina. Saura wa?

Daga ranar na fara sa masa ido. Idan ya fita amsa waya, sai in ce da wa yake magana. Idan ya rage hasken kwamfuta, sai in ce me yake ɓoyewa. Har sabon takalmin da ya saya sai da na yi masa fassara.

Ranar Larabar, da ya tafi sallar azahar, na zauna a kujerarsa. Na ga "Haɗi Sale", na ga "Haɗi Ɗanladi", duk daidai. Can ƙasa sai ga wata: "Haɗi Mai Suna". Ba mu da dila mai wannan suna. Na buɗe. Dambe da kokawa ne a gauraye, har da katunan nan biyar. Na kuma nemi foldar Alhaji Hamidu, sabon dilanmu na Roni, wanda na ba Siddi aikinsa tun makon jiya. Babu ita. Nan take na kammala shari'ata: ya ajiye aikinmu yana yi wa wani ɓoyayyen mutum nasa. Takardar odar Alhaji Hamidu tana cikin durowata, amma ban ɗauko na gwada ba. Mai zargi ba ya son abin da zai ɓata masa lissafi.

Na hau bene kai tsaye zuwa ofishin maigidanmu, Alhaji Babba. Ya sa aka kira Siddi ofis.

"Malam Siddi, wannan foldar ta wane ne?"

"Ta aikinmu ce, Alhaji."

Na ce, "Aikin wa? Faɗi sunansa mana!"

Ya sunkuyar da kai. "Na mutumin Roni ne."

"Mutanen Roni ba su da iyaka. Sunansa nake tambaya."

Ya ƙi ɗago kai. Ni kuwa daɗi ya kama ni, ina ganin na kama ɓarawo. Alhaji ya ce, "In ba za ka faɗa ba, ajiye makullin shago a nan, ka tafi gida."

Wallahi ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin. Ya ajiye a tebur. Har ya kai bakin ƙofa, sannan ya juyo, murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Ranka ya daɗe, mai sunan yaron nan ne. Na wajena."

Alhaji ya ce, "Dikko?"

Ya gyaɗa kai.

Alhaji ya juyo gare ni. "Manaja, mene ne sunan yankan Dikko?"

Ban sani ba. Shekara uku muna haɗa hannu a kwano, ban taɓa tambaya ba. Mai inji ne ya leƙo ya ce, "Ai Hamidu ne."

Ku da kuka tashi a nan kun san abin. A gidajensu uba ba ya kama sunan ɗan fari, ko da wasa. Siddi bai taɓa furta shi ba tun ranar suna, kuma hannunsa ya ƙi rubuta shi. Ya gwammace ya rasa aikin da yake ci da iyalinsa da ya faɗe shi a gaban mutane. Alhaji ya sa na ɗauko takardar oda. Dambe da kokawa, kati bayan kati, babu wanda ya saɓa.

Alhaji ya tura masa makullinsa, ya dube ni ya ce, "To katunan Babura fa, ta ina suka fita?"

Kwana biyu aka yi ana bincike. Ashe takardun gwaji ne, waɗanda muke bugawa don duba launi. Ƙa'ida ita ce a yayyaga su. Ni da kaina na tattara su cikin buhu na ba wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa don ta riƙa ƙunshi, a wurinta kuma wani ya gani ya karɓe ya yanka su katuna. Kunyar da na ji ranar ban taɓa jin irinta ba.

A makon muka sauya tsari. Kowane dila aka ba shi lamba. Foldar haɗi kuma ana fara ta da lambar, sannan a jera kashin da ke ciki a tsari ɗaya kullum: ƙwallo, dambe, kokawa. Babu sunan mutum ko ɗaya. Siddi ne ya zana takardar da ke bangon nan.

Abin da na koya shi ne, idan ka ga suna ya kauce wa tsari, ka tambayi wanda ya rubuta a keɓe kafin ka hau bene. Wani lokacin tsarin ne bai san mutanen da ke aiki da shi ba.

Na ba Siddi haƙuri, ya ce ya wuce. Ya ƙara shekara huɗu tare da mu, bai taɓa ɗaga mini murya ba, gaisuwa kuma ba ta yanke ba. Amma tun daga wannan Larabar da kwanonsa yake zuwa daga gida.