Hoton Takwarar Inna

Shekarar da likita ya ce yanar ido ta fara rufe idon Inna, a shekarar ta matsa mini a kan maganar hoto. Inna mahaifiyata ce, tana Funtuwa, ni kuma aiki ya kawo ni Abuja, muna zaune a Karshi da maiɗakina da 'yarmu ɗaya. Sunan Inna muka sa wa yarinyar, saboda haka Mamana muke ce mata. Shekarunta uku a lokacin, rabon Inna da ita kuwa tun tana rarrafe.

Na sha tura hotuna a wayar ƙanwata don ta nuna mata, amma Inna ta ce ba ta ganin komai sai ƙyalli. Na takarda take so, babba, wanda za ta kai bakin ƙofa ta duba a tsanake kafin idon ya ƙarasa. Yadda ta faɗi maganar ba tare da ko rawar murya ba, shi ya hana ni sukuni.

Wani abokin aikina yana da kyamara da ya gaji da ita, ya bar mini. Ranar Asabar da rana tsaka maiɗakina ta yi wa Mamana wanka, ta sa mata farar riga, na tsayar da ita a jikin farar katangar gidan. A tunanina, tunda rana ta take, ai haske ya wadata. Da na duba abin da na ɗauka, rigar ta fito fes, har zaren ɗinkinta ana gani, amma fuskar ta yi duhu, idanun sun shige inuwa, ga ta ta yamutse goshi don rana. Muka koma gindin mangwaro. Nan kuma ta hango 'yan tsakin maƙwabta, ta bi su. Duk hoton da na ɗauka a wurin dishi-dishi ya fito, hannu ya zama uku, kai ya narke cikin ganye.

Ban san lokacin da na daka mata tsawa ba. Ta tsaya cak, sai kuka. Maiɗakina ta ɗauke ta, sai da suka kai ƙofa ta juyo ta ce in hoton yarinya mai kuka Inna ta nema, to na samu.

Abokin nawa ya kwatanta mini shagon wani dattijo mai wanke hoto a Masaka. Na bi cunkoson Nyanya da Mararaba na je, da nufin in zaɓi mai dama-dama a wanke mini. Dattijon mutumin Filato ne, gashinsa ya yi fari, tabarau rataye a wuya, rediyonsa yana waƙar coci a hankali. Ya sa hotunan a kwamfuta ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya tambayi wanda za a kai wa, na gaya masa. Sai ya ture linzamin kwamfutar gefe, ya jawo mini kujera.

"Oga, mai lafiyar ido ma ba zai ga yarinya a nan ba, balle Mama. Zauna."

Ya yi mini bayani da irin Hausarsa ta zaman Abuja, wadda ba ruwanta da bambanta mace da namiji. Ya ce kyamara ba ta san abin da nake so ba. Ta ga farar riga da farar katanga, ta ɗauka haske ya yi yawa, sai ta tsuke idonta, fuskar yarinya mai duhun fata ta tafi a banza. Ya nuna mini inda zan murɗa in ƙara haske kaɗan, ya ce fuska zan riƙa dubawa, riga ta ji da kanta. Game da dishi-dishin kuma, ya ce idon kyamarar yana jimawa a buɗe ne a inuwa, kafin ya rufe yarinya ta yi taku biyu. Ya saita mini shi ya riƙa ƙiftawa cikin ɗaya bisa ɗari biyar na daƙiƙa. Ya nuna mini ɗan akwatin da ke yawo a gilashin kyamarar, ya ce in ɗora shi a kan idon da ya fi kusa da ni.

"Rana tsaka kuma ka bar shi. Ka jira yamma, ko hadari ya rufe rana. Ka durƙusa daidai tsawonta. Kar ka sake ce mata ta tsaya."

Na ce, Baba, in ba ta tsaya ba fa? Ya ce ai ni ne zan tsaya. Yana rako ni bakin titi ya gaya mini ya yi shekaru yana bin makarantu yana ɗaukar 'ya'yan mutane, amma nasa huɗu sun girma babu wani hoton yarintarsu na kirki, kullum yana cewa sai ya samu lokaci.

Damina ce, saboda haka na samu gajimare yadda nake so. Kullum na dawo aiki, in na yi La'asar, sai in fito da kyamara in zauna a dakalin ƙofar gida. Kwanakin farko Mamana tana ganin kyamarar sai ta laɓe bayan uwarta, abin ya riƙa sosa mini rai. Ban kira ta ba. A hankali ta manta da ni. Kurakurai dai ban daina ba: wata rana in ƙara haske har komai ya wanke, wata rana akwatin ya kama masarar da ke bayanta, zangarniya ta fito tar, yarinya ta ɓace.

A zaman nan na fara ganin abubuwan da ban sani ba game da 'yar da ke kwana ɗaki ɗaya da ni. Da hagu take ɗaukar abu. In za ta ruga sai ta ɗan ɗaga kafaɗa tukuna. In ta sa wa abu ido, takan tsaya kamar na numfashi ɗaya kafin ta taɓa shi, kuma wannan ɗan tsayawar na koyi jira.

Wata Laraba aka ɗauke ruwa da yamma, gari ya yi wasai. Ta fita da 'ya'yan maƙwabciyarmu suna sakin ganyen kashu a ruwan da ke gangarowa ta gefen layi. Na durƙusa cikin taɓo da wandon ofis. Ganyenta ya wuce na sauran, ta juyo don ta nuna mini, na danna. A cikin tarin da na ɗauka ranar, shi kaɗai ya yi. Ana ganin gashin idonta ɗaya-ɗaya, da ɗigon ruwa a kumatu. Sai dai tsohuwar riga ce a jikinta, kitson ma an tsefe rabi. Maiɗakina ta ce Inna za ta ɗauka ba ma kula da yarinyar. Muka yi ta ja, daga baya ta ƙura wa hoton ido, ta ce in kai.

Dattijon ya wanke shi babba. Da kaina na kai Funtuwa. Inna ta fito bakin ƙofar ɗakinta, ta kawo shi dab da fuska, tana bin sa daga sama zuwa ƙasa. Ta jima. Can ta ɗora yatsa a wuri ɗaya.

"Me ya samu takwarata a gira?"

Wani ɗan tabo ne. Watanni baya Mamana ta faɗi a kan matakala, aka yi mata ɗinki biyu, muka yanke shawarar kada a gaya wa Inna don kada hankalinta ya tashi. Ni kaina na daina lura da shi. Na ba ta labari ina sunkuyar da kai. Ta ce ciwon ido take yi, ba a ce ta daina zama uwa ba, kada in ƙara tace mata labarin gidana. Na ba ta haƙuri. Ta koma kan hoton, ta ce goshin na marigayi mahaifina ne sak, ta tambaya wane mai son jiki ne ya bar kitson a haka, tana dariya.

Bayan Babbar Sallah aka yi wa Inna aikin ido. Ido ɗaya ya buɗe, ɗayan bai yi ba. Da ta warware na ɗauko ta ta yi mana wata guda a Karshi. Ita da Mamana suka riƙa zama a dakali da yamma suna ɓare gyaɗa, kuma ita ce ta hana mu tilasta wa yarinyar cin abinci da hannun dama, ta ce a bi ta a hankali, ita ma haka ta taso.