Kiɗan Masara na Arzika Mai Injin Niƙa

Duk wanda ya taɓa kai niƙa a Kucheri ya san Arzika. Shi ne dogon nan mai farin gemu da ba a tantance furfura ce ko garin dawa ba, don ko ranar Juma'a ya yi atishawa sai gari ya tashi. Yana aji huɗu a firamare mahaifinsa ya cire shi ya tsayar da shi gaban injin, yau shekara arba'in da ɗoriya. Injin ya rage masa jin kunnen hagu, shi ya sa ko gaisuwa yake yi sai ka ɗauka faɗa ne. Ban da katin zaɓe, babu wata takarda a duniya mai ɗauke da sunansa. Bai taɓa faɗi ba, amma in ya shiga gidan wani ya ga satifiket a bango, yakan daɗe yana kallo kamar mai karantawa.

Bara waccan ya je Gusau sayen bel ɗin injin, ya ga jita rataye a shagon gwanjo, ta katako, wadda ba ruwanta da lantarki. Ya taɓa tsirkiya ɗaya da ɗan yatsa, ya ji ta har cikin haƙorinsa. Ya dawo gida da jita, ba bel. Washegari sai da ya sake komawa.

To, gidansu ba gidan kiɗa ba ne. A ce dattijo mai jika shida ya rungumi jita kamar jinjiri, ai majalisar ƙofar masallaci ta samu abin taunawa har damina. Ga kuma Delu, matarsa, wadda in ta yi maka dariya sau ɗaya sai ka shekara kana tunawa. Saboda haka ya cusa jitar cikin buhun dusa, ya jingina a kusurwar ɗakin injin.

Mai gwanjon ne ya ba shi lambar Malam Sabiru na Tudun Wada, nan cikin Gusau, mai koyar da jita ta waya. Tsarinsa na zamani ne: zai turo ɗan bidiyo ta wasap yana nuna inda yatsu ke zama, ɗalibi ya gwada, ya naɗi kansa ya tura, malam ya saurara ya gyara. Yana da ɗalibai har Bungudu da Kekun Waje waɗanda bai taɓa ganin fuskarsu ba. Ƙarshen shekara kuma yakan tara su a yi yaye, kowa ya kaɗa waƙa ɗaya gaban jama'a, ya karɓi takardar shaida mai hatimi.

"Da sunana a jiki?" in ji Arzika.

"Da sunanka da na babanka."

"To rubuta ni."

Saƙon farko da ya tura, ba a yi minti biyar ba Sabiru ya kira.

"Baba Arzika, na saurara sau uku. Ina jitar?"

"Tana ciki."

"Ni jirgin sama na ji."

"Injin na. Ka ƙara kasa kunne, tana daga ƙasa-ƙasa."

"To a kashe injin mana, ko na minti biyu."

"In kashe, garin duk ya jiya? Malam, kai kana Gusau. Ni bango guda ya raba ni da Delu."

Sabiru ya toshe kunnuwansa da abin sauraro, ya sake bi a hankali. Sai ya lura da wani abu. Sauran ɗalibansa sai ya sa sun sauke wata manhaja mai ƙyas-ƙyas kamar agogo don kada kiɗansu ya yi gudu ko ya yi ja-baya, kuma duk da haka suna kaucewa. Wannan tsohon kuwa ko kaɗan ba ya kuskure. Bugun injin yake bi, kut-kut-kut, bugun da ya shiga ƙashinsa tun yana yaro.

Daga nan darasi ya koma na hatsi. Ashe tafiyar injin ba ɗaya ba ce. In gero ne a cikinsa, sauri yake yi, sai Sabiru ya koya masa sharar tsirkiya shida gaba ɗaya da bayan farce. In masara ce, yakan yi nauyi, yana nishi, nan ne wurin tsinta ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa da manuni, irin ta masu jitar sahara. Dawa kuma tsaka-tsaki. Har ya zama aikin gida yakan zo a haka: "Baba, makon nan masara zalla."

Mutanen Kucheri ne suka ɗanɗana kuɗarsu. Arzika ya koma karɓar kwanoni a bakin ƙofa, ya ce a dawo an jima, ya turo ƙyaure wai gari na shiga idon mutane. In makon masara ne ka kawo gero, sai ya ce injin ba ya jin daɗin gero yau. Sannan waƙa minti huɗu take ci, kwano kuwa minti biyu ya niƙe, don haka sai ya juye garin ya mai da shi ciki, sau biyu, sau uku, ranar da yatsu suka ƙi har sau biyar.

Wata rana Uwani, maƙwabciyarsu kuma ƙawar Delu, ta tsaya da kwanonta a buɗe.

"Malam Arzika, tsakin dambu na ce ka ɓarza mani. Mi a wanga? Hoda? In shafa ko in dafa?"

"Injin na ya ƙware."

"Wata bakwai ba a ci dambu ba a unguwagga saboda ƙwarewarsa. Allah ya mai da shi jahili."

Akwai kuma wata ɗabi'a ta injin. Tsufa ya sa in ya yi ta bugu na ɗan lokaci sai ya sarƙe, ya yi shiru, ya yi tari biyu, ya fesa hayaƙi, sannan ya ci gaba. Arzika yakan dakata ya jira shi. Ta waya tarin ba ya fita sosai, sai Sabiru ya ɗauka gwaninta ce ta dattijo. Ya yaba, ya raɗa mata suna tsayuwar Kucheri, ya shiga koya wa sauran ɗalibai.

Ranar yaye Asabar ce da hantsi, a zauren wata makaranta a Tudun Wada. Arzika ya ce wa Delu zai je sayen bel, ya saɓa buhu, ya hau mota. A zauren akwai mutum kamar sittin a kan bencina, takardun shaida kuma jere a kan tebur an danne su da kofi. Wata ma'aikaciyar jinya ta kaɗa, aka tafa. Wani tela daga Bungudu ya kaɗa, ya zo tsakiya ya tsaya cak, ya rufe ido kamar mai addu'a, sannan ya ci gaba. Aka tafa sosai.

Aka kira Arzika. Ya zaro jitar, dusa ta zubo a kan takalmin Sabiru. Ya zauna, ya gyara hula, ya taɓa tsirkiya guda, sai ya zabura.

"Kai! Haka take da ƙara?"

Shekara guda yana kaɗa ta, tun ranar da ya saye ta bai sake jin muryarta tsirara ba. Ya sake ɗora yatsu. Suka ƙi motsi. Zaure ya yi tsit, har ana jin mai rake yana talla a titi.

Sabiru ya sunkuyo. "Baba, bismillah."

"Ba injin."

Sabiru ya kunna manhajar nan mai ƙyas-ƙyas, ya kara masa a kunnen dama.

"Wanga agogo na, Malam. In bi agogo in tai ina?"

Aka roƙi maigadin makarantar ya tayar da janareto. Janareton ya tashi da gudu, jama'a suka fara ƙyaƙyatawa. Arzika ya saurara, ya girgiza kai.

"Bai ci komai ba. Da yunwa yake gudu."

Sabiru ya share gumi, ya ce a kashe. Ya yi magana ƙasa-ƙasa: ƙa'ida ce, wanda bai kaɗa ba ba ya karɓar takarda, in ya karya ta yau gobe ba wanda zai koyi komai. Arzika ya dubi tebur. Saura takarda ɗaya ƙarƙashin kofi. Ya jawo buhunsa ya fara buɗe bakinsa.

Sai daga bencin ƙarshe aka ji tafin hannu a kan katako, da wata murya mai kauri.

"Kut. Kut. Kut. Kut."

Kowa ya waiwaya. Mata biyu ne cikin hijabi. Delu ce ke dukan benci, Uwani na gefenta.

"Masara ko gero?" in ji Delu.

"Ke... Delu... mi ya kawo ki?"

"Sayen bel na zo, kamar kai. Tambayarka na yi."

"Tun yaushe kika..."

"Tun ran da na sa hannu a buhun dusa zan ɗebar wa akuyata, buhu ya yi mani kuka. Na kusa sumewa. Malam, jama'a na jira. Masara ko gero?"

Ya gyara riƙon jitar. "Masara."

"Surfaffa ko mai dusa?"

"Surfaffa."

Ta ɗan ƙara sauri. Shekara talatin tana kwana tana tashi a bayan bangon nan, ta fi shi sanin tafiyar. Uwani ta matse hanci ta shiga yin kukan bel, tsiii-tsiii, ba wanda ya roƙe ta. Yatsun Arzika suka kama da kansu, babban yatsa na tafe a ƙasa, manuni na tsinta a sama, kiɗa mai nauyi, mai daɗi, wanda ya sa masu dariyar suka bari ba su sani ba. Shi kansa bakinsa a buɗe yake yana sauraro.

Can ya tsaya cak. Bai rufe ido ba, Delu yake kallo.

"Tarin," ya ce.

"A gaban maza? Ba ni yi."

"Delu, don Allah."

Ta ja bakin hijabi ta rufe fuska, ta yi tari biyu masu ƙarfi. Ya ci gaba.

Telan Bungudu ya miƙe tsaye. "Malam Sabiru! Wata uku ina koyon tsayuwar nan. Ashe tarin inji kake koya mana?"

"Zauna," in ji Sabiru, "an tafa maka ko ba a tafa ba?"

Da aka gama, Sabiru ya ɗaga kofi, ya karanta da ƙarfi: Arzika Bello Kucheri. Arzika ya ce bai ji ba, ta kunnen hagu aka faɗa. Aka sake. Ya karɓa da hannu biyu, ya goge tafinsa a riga, ya sake karɓa.

Yanzu in ka bi ta ƙofar injin bayan la'asar za ka tarar da shi a kashe, Arzika na zaune waje a kan benci da jita, 'yan majalisa biyu-uku sun tsaya wai wucewa suke yi. Yana ƙoƙarin koyon tafiya shi kaɗai, yana buga ƙafa a ƙasa, wani lokaci ya dace, wani lokaci ya ɓace. In ya iso wurin tsayuwa sai ya ɗaga murya.

"Delu!"

"Tuwo nake tuƙi!" za ta amsa daga cikin gida. "Ba ka da maƙogwaro?"

Sai ya dubi 'yan majalisa, ya kau da kai gefe, ya yi tari biyu.